An cire ɗan yayana a jifa na 75, kuma ni ina bayan kocin

Daren wata Asabar, wajen ƙarfe sha ɗaya, ina fama da aikin da malaminmu na rubutun labarai ya ɗora mana, sai ga kiran bidiyo daga Yaya. Shekararsa goma sha biyu a Amurka, a jihar Texas, kuma ba ya kira a irin wannan lokaci sai da dalili. Gabana ya faɗi. Ashe kowa lafiya lau, wai koci ne ya ɓata masa rai.

Ɗansa mai shekara 9 yana buga besbol a ƙungiyar yaran unguwarsu, kuma shi ne mai jifa. A ranar suna wasan kusa da na ƙarshe, suna gaba da ci 3 da 2, saura ƙiris a tashi, sai koci ya tako tsakiyar fili ya karɓi ƙwallon daga hannun yaron ya miƙa wa wani. Wanda aka sako ya rikice, aka farke, aka ƙara musu biyu, suka koma gida an ci su 5 da 3. "Ka ji fa," in ji Yaya, "wai ya cika jifa 75. Yaron da ko haki ba ya yi! Mu da muke wuni muna jifan mangwaro a bayan makaranta, hannun wa ya taɓa cirewa?" Ya ce ya gama shawara, zai cire shi daga ƙungiyar ya kai shi wata ta kuɗi da ke yawon gasa gari-gari duk shekara, ya kuma ɗaukar masa malami na musamman da zai ƙara masa gudun jifa. Ya rufe da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban yi masa musu a daren ba. Ƙani ba ya tsinka wa yayansa magana yana cikin fushi, kuma gaskiya a lokacin abin da na sani game da besbol bai wuce hular nan mai tambarin NY da samari ke sawa ba. Amma na shafe mako uku ina karatu a kai, datata ta sha wuya, kuma yau zan faɗa a nan inda ba zai iya katse ni ba. Yaya, ka yi haƙuri, kocin nan ya fi ka gaskiya.

Bari in ɗan fayyace wasan ga waɗanda ba su san shi ba. Mutum ɗaya yana tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jefa ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, nauyinta kusan giram 145, zuwa ga abokinsa da ke tsugune da babbar safar fata a hannu. A tsakaninsu ɗan ɗaya ƙungiyar yana riƙe da kulki yana jira ya make ta. In ya yi kuskure uku, ya fita. A wasan manya tazarar jifan mita 18 ce da ɗan ɗoriya, a na yara kimanin mita 14. Komai a hannun mai jifa yake farawa, shi ya sa shi ne ɗan gaban goshi, shi kyamara ke bi, kuma matsayinsa iyaye ke so wa 'ya'yansu. Kamar dai yadda a nan kowane yaro lamba tara yake son sawa.

To amma jifa daga saman kafaɗa da iyakar ƙarfi ba abu ne da gaɓoɓin mutum ke jurewa babu iyaka ba. A gwiwar hannu, ta gefen da ke kallon jiki, akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe ƙashin sama da na ƙasa. Duk lokacin da mai jifa ya ja hannu baya ya sako shi, ita ke shan jan. A jikin babba, ita ce ke tsagewa. A jikin yaro kuwa akwai wurin da ya fi ta rauni, domin bakin ƙashinsa bai gama zama ƙashi ba, guringuntsi ne, kuma ta irin waɗannan wurare ƙashi ke girma. Wurin ba ya haɗewa ya yi ƙwari sai yaro ya kai wajen shekara 15 ko 16. Jifa bayan jifa yana jan sa, ya kumbura, in aka ci gaba har ɗan ɓallin ƙashi yakan ɓalle. Tun a 1960 likitoci a Amurka suka raɗa wa wannan ciwo sunan gasar yaran, suna ce masa gwiwar hannun Little League. Iccen da Yaya ke son tanƙwarawa ke nan. Ɗanye ne, gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa lanƙwasa ɗanyen reshe gaba da baya a wuri ɗaya ya san abin da ke faruwa a karo na talatin.

Maganar jifan mangwaro kuma, ni ma na yi, har da gudun mai gadi. Sai dai mu tuna yadda ake yin sa. Ka yi jifa biyar ka je tsintar dutse, ka yi gardama, ka zauna ka sha wanda ya faɗo. Wani dutsen ƙarami, wani babba, wani jifan sama, wani na gefe. In hannunka ya yi tsami ka daina, babu wanda zai ce ka ba unguwa kunya. Kuma mangwaro yana da lokacinsa, in ya wuce sai baɗi. Yaron da ke kan tudu motsi ɗaya yake maimaitawa, da iyakar ƙarfinsa, sau 75 cikin sa'a ɗaya da rabi, babansa yana ihu a bayan waya. Ba shi da damar ya ce ya gaji.

Waɗanda suka sa wannan ƙa'ida ba daga sama suka tsinto ta ba. A garin Birmingham na jihar Alabama akwai cibiyar bincike kan lafiyar 'yan wasa mai suna ASMI, wadda fitaccen likitan tiyata James Andrews yana cikin waɗanda suka kafa ta. Masu bincikenta, ƙarƙashin Glenn Fleisig, sun ɗauki yara masu jifa 481, 'yan shekara 9 zuwa 14, suka bi su tsawon shekara goma. Sakamakon ya fito a 2011. Kashi 5 cikin 100 sun yi raunin da ya kai su tiyata ko ya raba su da wasan gaba ɗaya. Ana raba wasan besbol zango-zango ne, tara a na manya, shida a na ƙananan yara, kuma yaran da suka yi jifa fiye da zango 100 a shekara sun ninka sauran haɗari sau uku da rabi. Wani bincikensu na 2006 ya fi wannan tayar da hankali. Matasan da suka saba jifa alhali hannunsu ya gaji sun ninka sauran haɗarin zuwa tiyata sau 36. Waɗanda ke gasa fiye da wata takwas a shekara kuwa, sau biyar. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da Yaya ke shirin biyan kuɗi ya saya wa ɗansa, tunda a Texas sanyi ba ya korar yara daga fili kamar a jihohin arewa.

A 2007 ne hukumar Little League, wadda aka kafa tun 1939 a garin Williamsport na Pennsylvania, ta fara ƙirga jifa. Ɗan shekara 7 zuwa 8, jifa 50 a rana. Ɗan 9 zuwa 10, jifa 75. Ɗan 11 zuwa 12, jifa 85. Hutun ma an ƙayyade shi: in yaro ya yi 66 ko sama da haka, sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake hawa tudun, in tsakanin 51 da 65 ne kwana uku, haka har ƙasa. Wanda ya yi jifa 41 ba zai koma ya tsuguna yana cafewa a wannan rana ba, saboda mai cafewa shi ma kowace ƙwallo sai ya mayar da ita da hannu. A 2014 babbar hukumar ƙwararru, MLB, da hukumar wasan ta ƙasa suka fito da jagora mai suna Pitch Smart, suka ƙara da cewa yaro ya samu aƙalla wata huɗu a shekara ba ya gasar jifa, kuma biyu zuwa uku daga ciki su kasance a jere.

Wato kocin ɗan yayana ma ba zaɓi ya yi ba, doka ya bi. Abin da ya fi damuna shi ne inda Yaya ke son komawa. Da yawa daga cikin gasannin kuɗi na ƙarshen mako ba sa ƙirga jifa da wannan tsananin, kuma yaron da ke buga wa ƙungiya biyu a lokaci ɗaya, kowane koci nasa lissafin kawai yake riƙewa. Wannan ya ce 60 ya yi mini, wancan ya ce 60 ya yi mini, hannun kuwa ɗaya ne, 120 ya sani.

In jijiyar ta tsinke akwai gyara, kuma a nan ne wasu iyaye ke ruɗar kansu. A watan Satumba na 1974 likita Frank Jobe ya ciro wata jijiya daga hannun dama na ɗan wasan Los Angeles Dodgers, Tommy John, ya dasa ta a gwiwar hannunsa na hagu. Ba a taɓa yi wa mai jifa irin wannan aiki ba. John ya dawo a 1976, ya yi wasa har 1989, kuma cikin nasarorinsa 288, guda 164 bayan tiyatar ya same su. Tun daga nan ake kiran aikin da sunansa. A lokacin shekararsa 31, ya riga ya yi shekaru sama da goma yana cin abinci da hannun. Yanzu kuwa wani nazari kan bayanan inshorar lafiya na 2007 zuwa 2011 ya gano cewa fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin 'yan shekara 15 zuwa 19 ne. Yaran sakandare. Jinyar takan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba. Shi kansa Tommy John ya sha fitowa yana kokawa da yadda ake ƙure yara. Ka ga mutumin da ake kiran tiyatar da sunansa yana roƙon iyaye kada su kai 'ya'yansu inda za a yi musu ita.

Na san abin da Yaya zai ce, don ya riga ya faɗa: Nolan Ryan. A Texas wannan suna ba a taɓa shi. A 1974 ya yi jifa 235 a wasa ɗaya, ya yi kaka 27 a gasar ƙwararru, ya fitar da masu kulki 5,714, adadin da har yau babu wanda ya kusanto. Duk gaskiya ne. Amma a nan karatun aikin jarida ya yi mini rana. Abu na farko da aka koya mana a aji ɗaya shi ne ka tambayi kanka wa aka nuna maka, wa aka bari a waje. Muna jin labarin Ryan ne saboda hannunsa ya jure. Yaran da suka taso tare da shi, aka yi musu irin horon da aka yi masa, hannunsu ya mutu suna shekara 16, babu ɗan jaridar da ya bi su gida. Ba su da hoto a bangon kowa. In kana son sanin ko hanya tana da kyau, direban da ya isa lafiya kawai ba zai ishe ka shaida ba. Kuma ko Ryan ɗin, jijiyar nan ce dai ta tsinke masa a wasansa na ƙarshe a 1993, sai dai shi ta jira shi har ya kai shekara 46.

Mu 'yan jarida muna da laifi a nan, ko in ce mu masu shirin zama. Gasar duniya ta Little League ana nuna ta kai tsaye a ESPN, yara 'yan shekara 12 ana yi musu sharhi kamar manya. A Instagram da TikTok kuma bidiyon da ke yawo shi ne na yaron da na'urar auna gudu ta nuna masa babbar lamba. Ba na jin akwai wanda ya taɓa yin suna da bidiyon yaro yana hutun kwana huɗu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai daga Japan ya fito, kuma shi ne na tura wa Yaya. A can gasar besbol ta makarantun sakandare, wadda ake yi a filin Koshien kusa da Osaka, ta girmi shekara ɗari, kuma ƙasar gaba ɗaya ke kallo a talabijin. Wanda aka cire yakan durƙusa ya kwashi ƙasar filin a jaka yana kuka. Al'adar wurin ita ce gwarzon makaranta ya yi ta jifa har sai inda ƙarfinsa ya ƙare. A 1998 Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai zango 17. A 2013 wani ɗan shekara 16, Tomohiro Anraku, ya yi 772 cikin kwana tara. Jama'a suka yi ta tafi.

Sai ga 2019. A makarantar Ofunato da ke lardin Iwate akwai wani yaro, Roki Sasaki, wanda igiyar ruwan tsunami ta 2011 ta kashe masa mahaifi da kakanni yana ɗan shekara 9. Yana sakandare aka auna jifansa ya kai gudun kilomita 163 a sa'a. Rabon makarantarsu da zuwa Koshien a gasar bazara shekara 35, kuma ga su a wasan ƙarshe na lardi, nasara ɗaya ta rage. Sasaki ya yi jifa 194 kwana huɗu kafin nan, ya yi 129 ana gobe wasan. Kocinsa, Yohei Kokubo, matashi ɗan shekara 32, ya ƙi saka shi. Ya bar shi a benci daga farko har ƙarshe, aka lallasa su 12 da 2. Da aka tambaye shi, ya ce don ya kare yaron daga rauni ne. Wayar makarantar ta yi ta ruri da masu zagi. Tsohon ɗan wasa Isao Harimoto ya caccake shi a talabijin, Yu Darvish kuma daga Amurka ya tsaya masa.

Ba zan yi kamar wannan hukunci bai da tsada ba. Sauran yaran ƙungiyar fa? Yawancinsu ba za su taɓa zama ƙwararru ba, wannan rana ita ce duk abin da suka yi shekara uku suna yi wa wahala, kuma aka sayar da ita don a tsare hannun mutum ɗaya. In da ni ne mai cafewar wannan ƙungiya, wallahi ban san ko zan yafe ba. Haka su ma abokan ɗan yayana, sun yi kuka a mota, kuma kukansu na gaske ne. Amma in aka ɗora kofin yara a gefe ɗaya na sikeli, hannun yaro a ɗaya gefen, ni dai na san inda zan tsaya. Kofi ana sake bugawa baɗi.

Ranar 10 ga Afrilu, 2022, Sasaki yana ɗan shekara 20, yana buga wa Chiba Lotte Marines, ya fuskanci masu kulki 27 na ƙungiyar Orix, babu ko ɗaya da ya tsira. Ya fitar da 19 da jifansa, 13 daga ciki a jere. Rabon da a ga irin wannan cikakken wasa a gasar ƙwararrun Japan shekara 28. Bayan mako ɗaya ya sake yin zango takwas babu wanda ya tsira, saura zango ɗaya ya maimaita tarihi, sai kocinsa na lokacin ya cire shi a jifa na 102. A 2025 ya koma Dodgers, ciwon kafaɗa ya zaunar da shi wata huɗu, ya dawo ya ci kofin duniya na MLB da su. Na kawo maganar kafaɗar da gangan, don kada a ce na ɓoye. Ƙirga jifa ba laya ba ce, wanda aka tattala ma yana iya jin rauni. Sai dai Sasaki ya ji nasa ne yana babba, da kwantiragi a hannu da likitocin ƙungiya a kansa. Ita kuma hukumar makarantun Japan, bayan shekaru tana turjiya, ta sa iyakar jifa 500 a mako daga 2020.

To in ba gudu ba, me za a koya wa ɗan shekara 9? Abin da na fahimta daga masu horarwar da suka san aikinsu shi ne, a wannan shekaru saiti ake nema. Yaron da zai iya sa ƙwallo inda safar take sau shida ko bakwai cikin goma ya fi wanda ke jifa kamar harsashi tana bin iska. Gudu yana zuwa da kansa in jiki ya girma. Riƙon farko shi ne yatsu biyu a kan ɗinkin ƙwallon, babban yatsa a ƙasa, in hannun ƙarami ne a sa uku, kuma kada a matse ta. Ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu isarwa kawai yake yi, saboda haka a koya masa ya ɗaga ƙafa ya tsaya daram ba tangaɗi, ya taka kai tsaye wajen da yake nufi, ya bar jikinsa ya bi hannun har ƙasa. In ya iya miƙaƙƙen jifa, na biyu shi ne na yaudara, wanda motsin hannu iri ɗaya ne amma ƙwallon ta zo a hankali saboda an canza riƙo. Jifa mai lanƙwasa, wanda mu 'yan ƙwallon ƙafa za mu ce masa banana, a bar shi sai gaba. Abin mamaki, binciken ASMI bai samu hujja mai ƙarfi cewa shi ne ke lalata hannu ba, yawan jifa ne babban mai laifi. Amma yaron da ya saba cin wasa da banana ba zai tsaya ya koyi saiti ba.

Sauran aikin duk na ido ne. Gajiya tana da alamu: gwiwar hannu ta fara sauka, ƙwallo ta fara tashi sama, yaro ya fara jan lokaci tsakanin jifa da jifa, ko ya dinga yarfa hannu. Kada a jira ya faɗa da bakinsa. Wani bincike da likitocin Jami'ar Columbia suka yi kan matasan 'yan wasa ya nuna kusan rabinsu an taɓa ƙarfafa musu gwiwa su ci gaba da wasa alhali hannu na ciwo. Yaro yana karanta fuskar babansa fiye da yadda yake karanta allo. In ya ga ciwonsa zai ɓata wa Baba rai, zai haɗiye shi. Ballantana ɗan Bahaushe, da aka raina a kan namiji ba ya raki.

Shohei Ohtani, wanda Dodgers suka ba kwantiragin dala miliyan 700 a ƙarshen 2023, kuma wanda sunansa ba ya fita daga bakin Yaya, babansa ne ya fara horar da shi. Suna da ɗan littafi da suke musayar rubutu bayan wasa, kuma abubuwa uku uban ya dinga nanatawa: ya ɗaga murya a fili, ya ba jifa da cafewa na motsa jiki muhimmanci, ya yi gudu da gaske. Babu maganar na'urar auna gudu. Yaron ya yi ninƙaya, ya buga badminton da mahaifiyarsa. Mariano Rivera na ƙasar Panama kuwa, ɗan masunci ne da ya taso yana yin safa da kwalin madara, ƙwallon ƙafa ya fi so, kuma bai zama mai jifa sosai ba sai da ya kusa shekara 20. Shi ne mutum na farko da aka zaɓa zuwa zauren gwarazan besbol ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta ƙi shi ba, a 2019. Na san ni ma yanzu waɗanda suka isa lafiya nake lissafawa, abin da na hana Yaya. Abin da kawai suke nunawa shi ne ƙofar ba ta rufewa a shekara 9, kuma wannan tsoron ne masu gasar kuɗi ke sayar wa iyaye.

Lissafin ma a fili yake. MLB ƙungiya 30 ce, kowace da 'yan wasa 26, kujera 780 ke nan ga duniya gaba ɗaya. Yaran Little League kaɗai sun kai kimanin miliyan biyu. Mai yiwuwa ɗan yayana likita zai zama, ko injiniya, ko direba, kuma kowanne daga ciki da hannun dama zai yi.

Da nake wannan karatu, filin ƙwallon unguwarmu ya dinga faɗo mini. Yara 'yan shekara 11, 12, atisaye safe da yamma a kan busasshiyar ƙasa, kullum, ana ce musu wakili daga Turai yana nan tafe. In yaro ya ce ƙasan gwiwarsa na ciwo, a ce ragwanci ne, ya ƙara zagaye biyu. Alhali wurin nan ma guringuntsin girma ne, irin na gwiwar hannun mai jifa. Su Amurkawa aƙalla suna da lambar da za su yi faɗa a kanta. Mu babu wanda ke ƙirga komai.

Bayan kwana biyu da wancan kira, Anti, matar Yaya, ta kira ni ita kaɗai. Ta ce a daren wasan yaron ya zo kicin a ɓoye ya ce ta ba shi ƙanƙara, kuma ya roƙe ta kada ta faɗa wa Abba. Washegari da hagu ya ɗauki jakarsa. Da na yi magana da shi na tambaye shi ko hannun na ciwo, sai da ya waiwaya ya duba ƙofa kafin ya ce, "Kaɗan ne, Kawu." Sun kai shi asibiti, likita ya duba ya ce babu abin da ya ɓalle, amma ya ajiye ƙwallo na wasu makonni.

Har yanzu Yaya bai ce ya fasa ba. Rajistar ƙungiyar kuɗin tana rufewa ƙarshen wannan wata, fom ɗin yana kan teburinsa, bai cike ba, bai kuma yaga ba. Labarin Sasaki da na tura masa ya buɗe, na ga alamar shuɗi, amsar da ya ba ni ita ce in mayar da hankali kan jarrabawata. Anti kuwa ta ce ɗan carbin lantarkin nan na yatsa da Hajiya ta aika mata da shi, ta samo na biyu. Duk ranar da yaron ya koma kan tudu, ko a gasa ne ko a bayan gida da babansa, tana zaune tana dannawa.